Zauren Kawu: Sun Riƙe Mini Riyal 4,200, In Ƙara 600 Su Saki?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu. Ni direban gida ne a Jidda, shekarata 29, albashina Riyal 1,800 a wata. Aikina kai yara makaranta da kai uwar gida kasuwa, don haka yawancin yini a mota nake ina jira. Wani abokina ne ya turo mini shafin caca, ya koya mini buɗe shi da VPN, manhajar ɓoye ƙasar da mutum yake, ya haɗa ni da wani wakili a Telegram wanda ake tura wa kuɗi ya zuba wa mutum a ciki. Wasan jirgin nan nake yi, wanda yake tashi kuɗi na ninkuwa, in ka cire kafin ya ɓace ka ci. Da Riyal 50 na fara, daren farko na ci 700. Yau wata huɗu ke nan. Ajiyata ta Riyal 2,500 ta tafi, na ci bashin 1,000 wajen wani ɗan garinmu. Mafi muni, ni ke riƙe adashenmu, mu shida, 500 kowane wata, kuma na cinye kwasar wannan watan duka 3,000, alhali ta wani bawan Allah ce. Tawa kwasar saura wata biyu.

Yanzu shafin yana nuna ina da Riyal 4,200, amma sun ƙi saki. Sun ce sai na tura hoton iƙamata, wato katin izinin zamana a Saudiyya, na kuma ƙara 600 kuɗin buɗe asusu. Wakilin ya ce in ba ni da su, in riƙa karɓar kuɗin mutane ta asusuna ina tura masa, in kuma yaɗa shafin, shi zai biya mini. Akwai kuma masu sayar da manhajar da ke faɗin inda jirgin zai tsaya, Riyal 200. Kawu, wanne zan yi? In kuɗin sun fito, ya halatta in biya adashen da su? Ba na barci, kuma wasu tunane-tunane suna zo mini waɗanda ba na son rubutawa.

Ɗanka, daga Jidda

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Layin ƙarshe na wasiƙarka ya fi tsaya mini a rai fiye da duk kuɗin da ka jero, da shi zan fara. Riyal 6,500 kuɗi ne masu nauyi ga mai albashi irin naka, amma kuɗi ne da ake biya, kuma zan nuna maka yadda za a yi. Ranka ba ya cikin wannan lissafin. In tunanin nan ya sake zo maka cikin dare, kada ka zauna kai kaɗai a ɗakin direba da waya a hannu. Tashi ka ƙwanƙwasa wa wani ƙofa, ko ka kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya da ake ɗauka dare da rana. Akwai kuma 920033360, na cibiyar ƙasa mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Namiji ya ce yana cikin damuwa ba abin kunya ba ne.

Sai maganar 600. Kada ka tura, ko Riyal ɗaya. Na daɗe ina aikin akanta a garin nan, ban taɓa ganin inda ake riƙe da kuɗin mutum na gaskiya a ce sai ya kawo wasu kafin a ba shi nasa ba. In da akwai caji da gaske, ai daga cikin 4,200 ɗin za su cire su ba ka canji. Abin da kake gani a allon wayarka lamba ce da suka rubuta da hannunsu, su ne kuma ke da ikon gogewa. In ka tura 600, gobe za a ce haraji, jibi a ce an samu kuskure a lambar asusunka sai ka biya tara. Muddin kana turawa, ba za su daina nema ba.

Ka kuma tambayi kanka, in sun hana, ƙarar wa za ka kai, kuma a ina? Babu gidan caca ko ɗaya mai lasisi a Saudiyya. Shi ya sa hukumar sadarwa ke toshe shafukansu, shi ya sa sai da VPN kake shiga. Masu lasisin ma daga wurare irin su Malta ko Kurasawo, wani tsibiri can tekun Karibiyan, suke samo shi, kuma da yawansu sun rubuta cikin sharuɗɗansu cewa duk wanda ya ɓoye ƙasar da yake zaune, suna iya rufe asusunsa su riƙe abin da ya ci. Ka ga tun ranar da ka shiga suna da hujjar hana ka a aljihu. Naka shafin kuwa, da wani mutum ke karɓar kuɗi ta asusunsa na kansa, ko wannan matsayin bai kai ba.

Hoton iƙama kada ya bar wayarka. Da shi ake ƙoƙarin buɗe asusu ko layi da sunan mutum, da shi kuma ake yi wa mutum barazana. In ka riga ka tura, shiga Arqami, inda hukumar sadarwa ke nuna wa kowa layukan da aka yi rajista da lambarsa, ka tabbatar babu wanda ba naka ba.

Tayin wakilin nan shi ya fi komai haɗari cikin wasiƙarka, ina so ka karanta wannan sakin layi sau biyu. A yanzu kai mai asara ne. Ranar da ka karɓi kuɗin wani ta asusunka ka tura gaba, ka zama ma'aikacinsu, kuma sunanka ne a takardun banki, ba nasa ba. Dokar laifuffukan intanet ta ƙasar nan, wadda aka kafa a 2007, a sashe na 6 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar da tarar da za ta iya kai Riyal miliyan 3 ga mai shirya ko yaɗa ko tallata abin da ya shafi shafukan caca. Tura wa direbobi shafin a WhatsApp tallatawa ce. Karɓar kuɗi ana miƙawa gaba kuwa yana iya jefa mutum ƙarƙashin dokar hana halatta kuɗin haram, inda ɗauri ke iya kai shekara goma, baƙo kuma in ya gama sai tarhil, wato a mayar da shi ƙasarsu. Na san wani yaro mai aikin kai saƙo da aka rufe wa asusu saboda irin wannan shige da ficen kuɗi daga mutanen da bai sani ba. Albashinsa ma ya maƙale a ciki, wanda ya sa shi aikin kuma tuni ya canza lamba. Wakilinka ba taimakonka yake son yi ba, asusu mai tsabta yake nema don nasa ya fara jan ido.

Manhajar Riyal 200 ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Inda jirgin zai tsaya a kwamfutar gidan cacar ake fitar da shi, ba a wayarka ba, kuma wanda ya san lambar da gaske ba zai buƙaci 200 ɗinka ba. Irin waɗannan manhajoji sukan nemi izinin karanta saƙonninka, ta nan kuwa lambar sirrin banki take shigowa.

Yanzu bari mu zauna kan abin da na fi sani, wato lissafi, domin na lura har yanzu kana ɗauka rashin sa'a ne ya same ka. Wasan jirgin da ya fi shahara, Aviator, ya fito a 2019, kuma masu shi da kansu sun rubuta cewa yana mayar wa 'yan wasa kashi 97 cikin 100 na abin da aka zuba. Mutum ya ji haka sai ya ce ai kashi 3 ba wani abu ba ne. Abin da ba a bayyana masa ba shi ne, ba a kan kuɗin da ya saka a asusu ake cire kashi 3 ɗin ba, a kan kowane zubi ne. Ka zuba 20, ka ci, ka mayar, ka faɗi, ka sake, duk ana ƙirgawa. Zagaye ɗaya kuwa 'yan daƙiƙu ne. A ce tsakanin jiran yara da bayan isha'i ka yi zagaye 150, Riyal 20 kowanne. Riyal 3,000 ke nan suka bi ta hannun gidan, rabonsu a matsakaici Riyal 90. Kai Riyal 60 kake samu a yini. To ranar da ba wani tsautsayi da ya faɗa maka, ranar da wasa ya tafi daidai yadda aka tsara shi, ka ba su gumin yini ɗaya da rabi. Kamar mai awo ne da ke zarar ɗan hannu daga kwano duk lokacin da ka ce a sake aunawa: in kuka yi ta sakewa buhun zai ƙare, ko da bai taɓa ɗibar da yawa lokaci guda ba. Wannan fa a shafin da ke bin abin da ya rubuta ke nan. Wanda babu mai duba shi yana iya sa kowace lamba ya ga dama.

Da wannan kashi 97 ɗin, damar jirgi ya kai ninki biyu ba ta cika rabi ba, 48.5 ce cikin 100. Ya kai ninki goma kuwa, ƙasa da sau ɗaya cikin goma. Kuma jirgin ba ya tuna zagayen da ya wuce. Jerin lambobin da suke jera maka a saman allo ba sa faɗin komai game da na gaba. In ya faɗi da wuri sau biyar a jere, babu bashin da yake bin ka ko kake bin sa a na shida.

Na san dabarar da direbobi ke koya wa juna a bakin makarantu, wai in ka faɗi ka ninka. Mu bi ta: 10, 20, 40, 80, 160, 320, 640, 1,280. Faɗuwa takwas a jere, Riyal 2,550 sun tafi, duk wajen neman ribar Riyal 10. Faɗuwa takwas a jere kuma ba abin al'ajabi ba ne, a lissafi tana zuwa kusan sau ɗaya cikin kowane jeri 200, mai yin zagaye 150 a yini da wuya ya yi mako bai gamu da ita ba. Ina kyautata zaton ta wannan hanyar ajiyarka ta bi. Haka kyautar da suke cewa sun ninka maka kuɗi. Ka zuba 500 su ƙara 500, da sharaɗin sai ka juya kyautar, misali sau 35, kafin ka cire. Zubin Riyal 17,500 ke nan. A wasannin kalo-kalo na waya da ke riƙe kashi 4, rabon gida daga wannan zubin Riyal 700 ne, ya fi kyautar da suka ba ka.

Riyal 700 ɗin da ka ci daren farko su suka ɗaure ka. Tun daga ranar zuciyarka take neman wannan daɗin, daga baya kuma ta koma neman ramuwa. Ka lura, yanzu ba don ka yi arziki kake wasa ba, don ka dawo inda kake kafin ka fara ne, kuma duk wanda na sani da caca ta durƙusar, a wannan matakin ta gama da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, a sashe ɗaya da sauran jarabobi. Ban faɗi haka don in wanke ka ba, amanar da ka ci tana nan a wuyanka. Na faɗa ne don ka san cewa rantsuwar dare ita kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da shiri da kuma mutane.

Ka tambayi halacci. Wannan ba mas'ala ce mai duhu ba. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera caca tare da giya ta ce a nisance su, ta 91 kuma ta faɗi abin da suke haifarwa: gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da shagala daga ambaton Allah da salla. Duba wata huɗun nan naka ka ba kanka amsa. Akwai ma hadisi a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka, alhali furuci kawai ya yi. Malamai suna cewa ribar caca ba ta zama dukiyar mutum, rabuwa ake yi da ita. Hukuncin uwar kuɗin da ka zuba kuwa, ka zauna da limamin masallacinku ya warware maka. Abin da ni nake tsoro a tambayar shi ne tana riƙe ka a shafin. Muddin kana jiran 4,200 su fito kafin ka gyara, ba za ka goge komai ba. Ka fitar da su daga rai yau.

Ga gyaran, kuma ya fi sauƙi fiye da yadda dare ke nuna maka. Ka ce kwasarka saura wata biyu. To a lissafi abin da ya faru shi ne ka kwashi rabonka kafin lokacinsa ba da izini ba. Ka je wajen mai wannan kwasar da ƙafarka, ba saƙon murya ba, tun ranar biya ba ta zo ba. Ka kira abin da sunansa, ka ce caca ka yi. Kada ka ce an yi rashin lafiya a gida ko an yanke maka albashi, don wannan ƙaryar za ta buƙaci wata ta rufe ta. Ka roƙe shi ya karɓi kwasarka in ta zo, a gaban sauran mutum huɗun, a rubuta. Ta haka 3,000 ɗinsa za su dawo cikin wata biyu ba tare da ka ci sabon bashi ba, kai kuma ka ci gaba da zuba 500 ɗinka har zagaye ya cika. A wannan zaman ka miƙa riƙon adashen ga wani, kai da bakinka, kafin su nema.

Zai yi fushi, yana da gaskiya. Wataƙila ya riga ya yi wa iyalinsa alkawari da kuɗin, ko wata buƙata ce da ba ta jira. In haka ne, ka nemi mai gidanka ya ba ka wani abu daga albashin gaba a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan, ka rage masa zafi da shi. Maganar za ta zaga cikin direbobi, za ka ji kunya na ɗan lokaci. Na fi so ka ji wannan kunyar da a wayi gari ranar biya ka kashe waya ana nemanka. Mutanenmu suna yafe wa wanda ya zo da kansa fiye da wanda aka kamo.

Ɗan garinku kuma ka ce masa 250 kowane wata, wata huɗu an gama. In ka cire 500 da 250 daga 1,800, saura 1,050, ciki ka aika gida ka kuma riƙe na buƙata. Za ka takura, amma kafin rabin shekara babu mai bin ka ko sisi.

Tun 2024 aka fara wajabta biyan albashin masu aikin gida ta banki ko asusun waya a ƙarƙashin Musaned, tsarin gwamnati na harkar masu aikin gida. Tsari ne mai kyau, yana hana a cinye wa mutum haƙƙi. Sai dai ga irinka yana nufin albashi da gidan caca suna kwana a waya ɗaya. Don haka ranar da kuɗi suka shigo, kafin ka kwanta ka raba su: na adashe, na bashi, na gida, sauran ka ciro a hannu. Asusu ya kwana babu komai. Ka ajiye hotunan rasit na duk abin da ka tura wa wakilin, ko banki zai tambaya wata rana, sannan ka toshe shi, ka fita daga zaurukansu na Telegram, ka goge manhajar da VPN ɗin, a gaban wani wanda kake jin nauyinsa. In suka biyo ka da barazana, akwai manhajar Kulluna Amn ta jami'an tsaro, kada ka biya kowa kuɗin rufin baki. Abokin da ya turo maka shafin kuma ka ja baya da shi. Yawancin shafukan nan suna ba wanda ya kawo musu mutum kaso, wani lokaci daga asarar wanda ya kawo ɗin.

Akwai abin da ke damuna a kan samarinmu gaba ɗaya. Kafin a fara rushe unguwannin Sabil da Karantina da Gulail da Petromin a Jidda daga ƙarshen 2021, yaro irinka in ya samu hutu yana da majalisar da zai je, ga mai shayi, ga dattijon da zai lura fuskarsa ta sauya ya ja shi gefe. Yanzu an warwatsu, kowa yana wani lungu na gari. Nakan wuce bakin makarantu da azahar in ga motoci jere, kowane direba kansa a sunkuye, babu mai yi wa wani magana. Sa'o'in jiran nan su ne ƙofar da abin ya shigo maka, in ba ka cika su da wani abu ba zai dawo. Fito daga motar ka zauna da mutane, ko ka ɗauki karatu, ko ka inganta Larabcinka, wanda zai yi maka amfani in ka tashi neman aikin da ya fi wannan. Ka sake rubuto mini bayan ka gana da mai kwasar, ina so in ji yadda kuka yi.

TAMBAYA

Kawu, ɗana mai shekara 14 yana wani wasa a waya mai jujjuya hotuna ana cin tsabar kuɗi na bogi. Sai na ga ana cire mini Riyal 30, Riyal 45 daga katina. Ya ce ba caca ba ce tunda ba a fitar da kuɗi. Gaskiya ne?

'Yar'uwarka, daga Makka

AMSA

Ƙanwata, kuɗi ba sa fitowa, amma ai suna shiga, ga shi kin gani a katinki. Irin wasannin nan siffarsu da ƙararsu da yadda suke nuna wa yaro saura ƙiris ya ci, duk na gidan caca ne, kuma galibi an rubuta a jikinsu cewa na manya ne. Sukan ba da tsabar kyauta da farko, in ta ƙare sai saye. Yaron da idonsa da hannunsa suka saba da wannan, ranar da aka nuna masa na kuɗin gaske ba zai ji baƙunta ba.

Ki cire katinki daga wayar yau, ki sa duk wani saye ya zama sai da lambar sirri ko yatsanki. In Android ce akwai Family Link, in iPhone ce akwai Screen Time, duka biyun suna hana sauke abin da ya fi shekarunsa. Kina iya neman a mayar miki da kuɗin ta shagon manhajar, ki ce yaro ne ya saya ba da izininki ba, wani lokaci ana dacewa. Kada ki fara da duka ko ƙwace waya, zai koma wayar abokai ne inda ba kya gani. Ki zaunar da shi ku haɗa jimillar abin da ya fita, shi ya rubuta da hannunsa, ki cire wani abu daga kuɗin kashewarsa har ya biya. Ki kuma tambaye shi wa ya nuna masa wasan, ki sanar da mahaifiyar wancan yaron ita ma ta duba nata katin.